Riga-hatsi a Ɗakin Sanyi

Tema, 8 ga Disamba

Zuwa ga taubashiyata Zuwaira ɗiyar Liman Sadisu, a Gidan Illo ta Malbaza.

Yau shekara tara da wata huɗu rabona da gida, kuma wasiƙarki ita ce ta fari da wani ya aiko mini ba don in turo wani abu ba. Sai da na juya takardar na duba bayanta, ko can kinka ɓoye roƙon. Ban gani ba. To, assalamu alaikum. Ina gajiya, ina yara, yaya ƙafar maigidanki Malam Umar? Ni lahiya lau, gwargwadon lahiyar mai ɗaukar kaya. Isiyaku direban albasa ya kawo mini takardar har bakin aiki, tana warin Galmi.

Kin ce an nemi lambata ba ta shiga. Ba za ta shiga ba. Na saida wayar tun bayan rasuwar Inna. A cikinta anka gaya mini an riga an rufe Inna, kuma a cikinta, kwana uku bayan haka, anka tambaye ni kuɗin rufin ɗaki.

Na karanta zancen waken Inna Hindu sau uku. Ban san Riga-hatsi na nan duniya ba, na ɗauka ya bi mai shi. Kin ce duk garin ke kaɗai kinka rage da irin, tiya biyu. Murfin bidon robar da kinka zuba shi ciki ya tsage ba ki sani ba, ƙwari sunka shiga. Kin shanya, kin tankaɗe, kin cuɗe shi da toka, bayan sati biyu wasu sunka huda ƙwayar daga ciki sunka fito. Ƙwayar maganin ƙwari kuma kin rantse ba ta sake shiga gidanki tun abin da ta yi wa ɗiyan maƙwabtanki. Sai Hajiya Rashida mai ƙanƙara a Ƙwanni ta ce miki garin tuwon da take ajewa a firiza bai taɓa ƙwari ba. Shi ne kike tambayata: sanyin da zai kashe ƙwaro, zai bar wa iri ranshi?

Kin zo wurin da ya dace, kin kuma zo wurin da bai dace ba. Sanyi na san shi, shekara bakwai ina shiga cikinshi kullum. Amma kifi nake ɗauka da cinyoyin kaji, abin da ya riga ya mutu. Ban taɓa ganin an sa abu mai rai don a fito da shi da rai ba.

Bari in gaya miki irin wurin, kada ki ɗauka ɗarin da muke hura wa kara da safe ne. Ɗaki ne da ya fi masallacin Juma'armu girma, ba taga ko ɗaya. Muna shiga da riga bisa riga, da takalmin roba da safar hannu, bayan minti arba'in a fito da mu mu sha rana kamar tsaba. Gemuna yakan yi fari kafin in fito, in na fito ya koma baƙi, sai dai yanzu rabinshi ya daina komawa. Biro ba ya rubutu a ciki. Kifi in ya faɗi ƙasa, ƙara yake kamar an yada taɓarya. Na taɓa tsintar ɓera bayan kaya, a tsaye, wutsiyarshi miƙe kamar tsinke. Yatsuna biyu na hagu sun bar jin komi, ko allura kinka soka.

Mutanen nan da Turancinsu firizin suke ce wa wanga abu, ita ce rubuce bisa ƙofar. Abin da ke ba ni dariya, da ita suke komi. Iska ta ɗan kaɗa da safe, mai koko ta rungume hannu ta ce tana firizin, ni kuwa ina tsaye gabanta ina zufa. Waya ta tsaya cak, a ce ta yi firiz. Shekara uku ba a ƙara muna ko sisi ba, da munka tambaya, hedimanmu ya ce albashin ma an yi mishi firiz. Na ce to a fito da shi ya sha rana minti goma mana. Bai yi dariya ba.

Ga abin da na lura da shi. Sanyi ruwa yake nema. Duk abin da ke da ruwa a jiki sai ya kama ruwan ya fasa shi: tumatir in ya narke tsumma ne, kwalbar lemo tsagewa take. Busasshen abu kuwa ban ga ya taɓa shi ba. Gyaɗa takan yi sati a aljihun rigar aikina, in ci ban ji ta sake ba. Zan gwada da waken kasuwa in gani.

Wana Sani, in ya tambaye ni ki ce ina nan. In bai tambaya ba, kada ki ɓata yawunki.

Naki,
Muttaƙa Bawa

*

Gidan Illo, 5 ga Janairu

Zuwa ga bawana Muttaƙa, sarkin mataccen kifi.

Wa alaikumus salam. Muna lahiya, yara na lakwal wurin karatun boko, ƙafar Malam ta yi sauƙi har yana zuwa garka. Ya ce a gaishe ka, ya kuma ce in tambaye ka yadda kake alwala a wurin da ruwa ke zama dutse.

Wasiƙarka sau huɗu na karanta ta a tsakar gida, don duk wadda ta shigo sai ta ce a maimaita mata zancen ɓera. Yanzu in yaro ya yi laifi ya tsaya ƙiƙam, sai a ce ya yi ɓeran Muttaƙa. Ka ga ka yi suna ba ka dawo ba.

Amma mutanen naku talakawan baki ne. Kalma ɗaya tal? Mun zauna da Malam muna lissafa namu. Na damina sanyi ne, na bayan kaka ɗari, mai tsaga ƙafa jaura. Man shanu daskarewa yake, fata ƙandarewa, gawa sandarewa. Ni ban san wanne zan ba yatsunka ba. Ka gaya mini, in ba su ji, da mi kake sanin ka riƙe abu? Kuma kifin nan, in an narkar da shi, ba a taɓa samun wanda ya motsa ba? Ko guda?

Yanzu maganar da ta sa na ɗauki biro. Kai ka tahi da daɗewa, ka san Riga-hatsi da baki ne kawai. Ni na san shi da hanji. Shekarar da ruwa ya yi jinkiri, rumbu ya ƙare tun watan bakwai, hatsi ko kai bai fid da ba, wanga ɗan jan wake ya nuna cikin kwana sittin. Shi ya riƙe gidanmu da gidan Sani har anka yi girbi. Irin furoje na malaman gona da kowa ya koma wa ya fi shi cika buhu, ban musa ba, amma ba ya riga yunwa zuwa. Da Inna Hindu ta kwanta, wata biyar ina jinyarta, ba ta ba ni zobe ba, ba ta ba ni zane ba. Ƙwarya ta nuna mini ƙarƙashin gado, ta ce, "Zuwaira, uwata ta taho da shi daga Adar ƙulle a bakin zane. Kada ya ƙare a hannunki." Ban faɗi don in tsokane ka ba. Na san ba da son ranka ba ne ba ka zo ba. Na faɗi don ka san abin da ke hana ni barci.

Ka ce busasshen abu sanyi ba ya taɓa shi. Wannan ya ishe ni. Ƙwari ba su jiran direban albasa, kullum na buɗe sai in tarar da sabbin huji. Ran kasuwar Ƙwanni mai zuwa zan hau kabu-kabu in kai wa Hajiya Rashida.

Ga ƙulli nan na ba Isiyaku, cikin gwangwanin madara guda, da tokarshi. Ka dafa ka ci. Shekara tara bakinka bai taɓa abin gonar uwarka ba, ko bawa yana da haƙƙi.

Sani ya tambaye ka, ban kuma ɓata yawu ba, shi ya fara. Ya tsufa ƙwarai.

Uwargijiyarka,
Zuwaira

*

Tema, 2 ga Fabrairu

Zuwaira,

Assalamu alaikum, ina fata kuna lahiya. Ni lahiya, sai tari. Zan gajarta gaisuwa don Isiyaku na tsaye kaina, motarsu ta gama sauke kaya.

In ba ki kai waken ba, kada ki kai sai kin karanta wannan har ƙarshe. In kin kai, Allah ya sa yadda yake kinka kai shi.

Na yi gwajin. Na sayi wake a kasuwa na ƙirga sittin, na kasa uku. Kashi ɗaya na bari a ɗakina. Kashi ɗaya na zuba a kwalba busasshe na toshe. Na ukun na yayyafa mishi ruwa, na bari ya sha iska har hannu ya daina jin lema, na ƙulle a leda. Biyun nan na ɓoye bayan katan-katan na kaji, kwana bakwai, ina addu'a kada hedima ya gani ya ce asiri nake wa kamfani. Daga nan na shuka duka a gwangwanaye bayan ɗakina. Masu gidan da nake haya sun ɗauka na taɓu. Mutumin da bai taɓa dasa ko barkono ba a gidan, ga shi tsugune yana zance da gwangwani.

Na ɗakina, sha takwas sunka tsira. Na kwalba, sha bakwai. Zuwaira, na tsaya ina kallonsu har na makara aiki. Sanyin da ya ci mini yatsu, ɗan wake ya kwana bakwai cikinshi ya fito ya buɗe ganye biyu kamar ba abin da ya faru. Na ledar kuwa ko ɗaya. Na tone, sun zama kunu. Ke nan bushewar da hannu ke ji ba ita ce bushewa ba. Ki sa haƙori. In ya fashe da ƙara ya bushe, in haƙori ya nutse bai bushe ba. Ki zuba a kwalba ki toshe da kyau. Kwana bakwai, kada wuta ta yi ta ɗaukewa yana narkewa yana komawa. In kin fito da kwalbar kada ki buɗe sai ta gama zufa ta yi ɗumin ɗaki.

Kwana bakwai na ce, ba yini ba, ga dalili. Kin tambayi ko kifi ya taɓa motsi. Kifi a'a. Amma ƙuda ya taɓa bin mu ciki, ya faɗi ƙasa kamar ƙwayar barkono. Na ɗauke shi na fito da shi a tafin hannuna don in nuna wa abokan aiki. Muna kallo ya miƙe ƙafa, ya shafa fuska, ya tashi abinshi. Ƙwaro yana suma kafin ya mutu.

Ki ce wa Malam a waje muke alwala, famfon nan ruwanshi har ɗumi gare shi. Yatsuna kuwa da ido nake sanin sun riƙe abu. Batun talaucin baki, kada mu zalunce su. Na tambayi wani akawu, ya jero mini kalmomi sun fi biyar, akwai ta abin sha, akwai ta ƙanƙarar da ke sauka daga sama a ƙasar Turawa. Ni ne ɗaya ta ishe ni, don ɗaya ce ke bisa ƙofata.

Ƙullinki ya iso. Na kwance na shaƙi tokar, na sake ƙullewa da sauri, ba zan gaya miki dalili ba don kada ya zama abin karantawa a tsakar gida. Azumi ya kusa. Da shi zan sha ruwa, da mai da yaji, ba zan sam ma kowa ba.

Muttaƙa

*

Gidan Illo, 25 ga Fabrairu

Muttaƙa ɗan Inna Hindu,

Salamu alaikum. Jiki lahiya, kowa lahiya. Yau ba ni da bakin wasa.

Wasiƙarka ta zo jiya. Ni kuwa na kai waken tun sati na biyu na Janairu. Bari in gaya maka yadda anka yi, ba zan rage komi ba.

Na isa gidan Hajiya Rashida da hantsi. Da ta kwance bakin buhun ta ga toka, sai ta ja baya ta ce, "Haba Zuwaira! Ƙanƙara nake saidawa da zoɓo, ba sabulun salo ba. Wagga tokar ba ta shiga firizata." Na ce a leda zan ƙulle. Ta ce, "Leda fashewa take. Ga famfo can, ki ɗauraye shi, rana na nan kyauta." Ban ga laifin maganarta ba, har yanzu ban gani ba. Abin da mutane za su sha ne, kuma alfarma ta yi mini. Wa ke kai ƙazanta gidan da ya je roƙo? Na ɗauraye shi ruwa biyu, na baza bisa zanena tun azahar har bayan la'asar. Na damƙa na ji ya bushe ƙayau. Na ƙulle a leda biyu.

Kwana goma ya yi. Ta ce wuta ta ɗauke sau huɗu, sau ɗaya yini guda cur. Da na karɓo na zazzage, ƙwari duk sun mutu, baƙi ƙirin a gindin faifai. Har guɗa na yi. Na aje shi ina jin na fi kowa dabara a ƙasar Malbaza.

Sati uku da sunka wuce zuciyata ta ƙi kwanciya, don na ga fatar wasu ta yamutse. Na sa ashirin cikin jiƙaƙƙen tsumma kusa da randa, yadda Inna ke yi kafin shuka. Kwana shida, ba ko ɗaya. Na ce tsumman ne. Na sa talatin a kasko da ƙasar garka. Wari kawai. Ina cikin na uku takardarka ta zo, na karanta wurin da ka ce sun zama kunu, na tashi na shiga ɗaki.

Malam ya ce tunda ya mutu a dafa, kada a yi hasara biyu. Na dafa. Abin haushin, daɗinshi na nan yadda ka san shi, ya nuna ba kanwa. Yara na ta neman ƙari. Ni na tura musu kwanona.

Ba na ɗora maka. Ka ce za ka gwada, ni na ƙi jira.

Muttaƙa, gwangwanin da ke hannunka shi ne Riga-hatsin da ya rage a duniya, iyakar sanina. Ka ce da shi za ka sha ruwa. Saura kwana huɗu ko biyar a ga wata. Don Allah, don Annabi, don nonon da ka sha, kada ka ɗora shi bisa wuta. Ni na ce ka ci, na janye. Isiyaku ya ce gobe suke tashi, na roƙe shi ya fara biyawa ta wurinka kafin ya sauke albasa.

Zuwaira

*

Gidan Illo, 7 ga Afrilu

Muttaƙa,

Salamu alaikum, barka da Salla, in Sallar ta same ka lahiya. Mu mun yi lahiya.

Shiru. Matar Isiyaku ta ce motocinsu sun yi sati huɗu tsaye a hanya suna jiran rakiyar soja, albasa har ta fara tsira cikin buhu. Ban sani ba ko takardata ta same ka, ko tana aljihunshi yana goge zufa da ita. Wagga na ba wani direba daga Galmi da ya ce ya san ƙofar aikinku.

Azumi talatin, duk ran da anka kira magariba sai in ga tukunyarka.

Ban zauna ba. Na je Dogarawa, na je Tajaye, na kai har Illela ran kasuwa ina bin masu saida iri da ƙwaya uku cikin matattun da na rage a tafin hannu. Wata tsohuwa ta ɗauka ta kai kusa da ido, ta ce, "Wanga ai ɗan Adar ne, rabona da shi tun ina amarya. Ina kinka samo?" Na ce ni ma nema nake.

Sani ya zo da kanshi. Ya ce nashi kason ya cinye shi shekara uku da sunka wuce, yana cewa ai akwai wurin Zuwaira. Da zai tashi ya ce in an samu ko ƙwaya goma ce, gefen gonar Inna wajen gawo yana nan, zai sa taki ya kuma kewaye da ƙaya.

Wani abu na damuna, ko kai ka sani. Na fasa mataccen guda, na fasa waken furoje mai rai, na aje su gefe da gefe a rana. Ban ga bambanci ba, har ɗan hancin nan na ciki yana nan. To ran a ina yake zaune? Mi ya fita?

Ka ba ni amsa ko mummuna ce.

Zuwaira

*

Tema, 16 ga Mayu

Zuwa ga Zuwaira ɗiyar Liman,

Wa alaikumus salam. Ina gaida Malam da yara. Tarin ya tahi. Takardunki biyu rana ɗaya sunka same ni, kwana goma sha biyu bayan Salla, ta farin duk ta yi laushi da warin ruɓaɓɓiyar albasa. Ban amsa nan take ba don ina jiran abin da zan faɗa ya tabbata. Na san na ƙara miki wata guda na zullumi. Na gwammace haka da in sake rubuta miki rabin magana.

Don rabin magana na rubuta miki a Disamba. Na ce busasshen abu, ban ce wace irin bushewa ba, ban kuma ce ki dakata ba. Kin ce ba ki ɗora mini. Ni na ɗauki rabi. Hajiya ba ta da laifi, ko ni ba zan sha zoɓo da toka ba.

Na dafa, Zuwaira. Daren azumin fari na auna kashi ɗaya cikin uku na ɗora. Ran sha biyar na sake ɗora kashi ɗaya. Na ci da mai da yaji, na suɗe kwanon, ba kuma zan ce miki na yi nadama ba, don ban san komi ba a lokacin, kuma rabona da jin ni ɗan wani ne tun kafin in fara furfura.

Kashi na ukun na bar wa ranar Salla. Kada ki ce hikima ce. Ƙwari na gani sun fara yawo cikin ƙullin, na ce ba za su riga ni ba. Na tsince masu huji, na sa haƙori na ji ƙara, na zuba a kwalbar magani na kai bayan katan-katan na kaji tun farkon azumi. Da na fito da ita, cutar tambayarki ta riga ta kama ni, sai na ce bari in ga ko na Inna ya kai na kasuwa jimiri. Na shuka goma. Ranar Salla kuma jirgin kifi ya iso, hedima ya ce duk wanda bai zo ba kada ya zo gobe. Tun asuba har anka yi isha'i muna ciki. Na dawo ban iya ko hura wuta ba. Na zagi mutumin nan a zuciyata yini guda, ashe aiki yake yi miki. Bayan Salla na yi ta cewa gobe, gobe, har Isiyaku ya iso.

Tambayarki ta inda rai ke zaune, ban sani ba. Na tambayi akawu, ya ce in tambayi likita. Abin da na sani, takwas cikin goman sun fito. Kajin masu gida sun ci uku, na kusa yin abin da za a kai ni wurin 'yan sanda. Biyar sun yi fure, sun yi ɗiya, shekaranjiya na ɓare na ƙarshe. Kwana sittin da huɗu. Ja ne, ƙanana, da farin ido.

Ba zan ba direba ba. Abin da ya yi sati shida da takarda ba zan ba shi wannan ba. Na gaya wa hedima zan tahi gida, ya ce in na fita wani zai sa rigata kafin la'asar. Na ce ya duba aljihun, akwai gyaɗa. Zan taso farkon watan gobe, kwalbar na cikin aljihun ƙirjina. Ki ce wa Sani ya sa takin. Ban ce mun shirya ba, na ce ya sa takin. Kuma ba wuri ɗaya za mu zuba shi ba: kashi wurinki, kashi wajen gawo, kashi a kai wa tsohuwar nan ta Illela in tana da mai yi mata noma.

Ga abin da ke hannuna, na ƙirga sau biyu. Wanda ya kwana bakwai a sanyi, ba huji, ƙwaya ɗari biyu da huɗu. Mai huji ɗaya wanda wataƙila ya yi, talatin da bakwai, na ware shi dabam. Sabon da na girba bayan ɗaki, ɗari uku da sha ɗaya. Duka ɗari biyar da hamsin da biyu.

Muttaƙa Bawa